Wasiƙa Zuwa ga Maƙera, Dukawa da Maɗinkan Lifidi na Damagaram

Iyayena da yayyena masu sana'a, ina neman izini in tsoma baki cikin abin da kuka fi ni sani. Ban taɓa cin abinci da masaba ko basilla ba, ɗan kallo ne ni, irin wanda ke tsayawa bakin fada ranar hawa har ƙura ta rufe shi. Roƙona guda ne: tsohon sulke, tsohon lifidi da tsohon kwalkwali da ake kawo muku gyara in Sallah ta ƙarato, don Allah ku daina mai da su sababbi.

Na san abin da ke kai ku ga haka. Mai kaya ya zo ana jajibiri, idonsa a rufe, so yake ya fito gaban Mai Martaba yana walƙiya. In ka ce masa a bi a hankali, sai ya naɗe kayansa ya kai rumfar gaba. Kai kuma ga cefane yana jiranka. Duk da haka, ranku ya daɗe, a hannunku ɓarnar ke faruwa, kuma irin ɓarnar da ba ta gyaruwa ce.

Na taɓa ganin wata rigar sulke a zauren wani gida a Birni, tsohon garin Zinder, an fesa mata fentin azurfa irin wanda ake yi wa ƙofar ƙarfe. Fentin ya toshe idon zobban, rigar ta ƙage, in ka ɗaga ta sai ta tashi a sandare. Amma a ƙarƙashin hammata, inda feshin bai kai ba, aikin asali na nan: an dakale bakin kowane zobe, an huda shi, an kafe shi da 'yar ƙusa mai kai kamar ƙwayar gero. Zobe dubbai, kowanne da ƙusarsa, kowanne ya ratsa huɗu na kusa da shi. Maƙerin da ya san aiki ya san wata nawa wannan zai ci. Wannan 'yar ƙusa da fasalin zoben su ne ke gaya wa masani shekarun riga da ƙasar da ta fito. Wani Bature, A. D. H. Bivar, ya bi fadodin arewacin Najeriya yana duba irin waɗannan riguna, ya fitar da littafinsa Nigerian Panoply a 1964, kuma a zobban ya ga alamun cewa wasu daga ƙetaren sahara suka zo, ta wajen Masar. Wanda ya bi sulke da magagari ko injin gurza ƙarfe, ko ya jiƙa shi a ruwan batir don tsatsa ta fita, wannan shaidar ya kankare. Garin neman gira an rasa ido.

Kayan nan ba don ado aka fara yin su ba. Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji ɗan Yaji, wanda ya yi mulki wajen 1390 zuwa 1410, shi ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. Da Bature Denham ya isa Kukawa a 1823, mahayan Shehun Borno cikin sulke suka tarye shi, lokacin kuwa Damagaram tana bin Borno. Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya daɗe a kan gado har 1884, ya kewaye Birni da ganuwa, ya tara bindigogi, ya sa ana zuba igwa ana haɗa albarushi a nan garin. Kakanninku ne suka yi wannan zubi. A lokacin ayari na ɗaukar jemammiyar fata da gashin jimina zuwa Tarabulus, ya dawo da takubba da tufafi. Sarki Ahmadu Kuran Daga ya kai yaƙi har kusa da Kano. Sannan aka yi yaƙin Tirmini a Yulin 1899, bindigar Faransa ta gama da yaƙin doki a ƙasar nan. Duk wani lifidi ko sulke da ya tsira daga wancan zamani ya haura shekara 125 ke nan, kuma babu mai ƙara mana ko ɗaya.

To me za a yi in an kawo? Ku fara da kallo kafin taɓawa. Sulke burushi mai laushi yake so, a kakkaɓe ƙura, a goge da tsumma mai ɗan mai kaɗan, a sake gogewa da busasshe. Baƙin man mota da wasu ke tsoma shi a ciki yana kama ƙurar hunturu, ya kuma ɓata duk rigar da aka sa a ƙarƙashi. Kada a rataye shi a ƙusa ɗaya, nauyinsa ne zai riƙa buɗe zobban kafaɗa. A shimfiɗe shi, ko a ɗora shi a kan itace mai faɗi da aka naɗe da tsumma. In akwai ɓaraka dole a cike, ku cike da zoben da ido zai gane sabo ne, ko da na farin ƙarfe ko na tagulla, don wanda zai zo bayanku ya san inda aikinku ya fara.

Lifidi ya fi ban tausayi, domin zane ne da audugar rimi. Ruwa ya shige shi, audugar ta cure, ba ta sake tashi. Rana mai zafi tana cinye rini, leda kuma a watan Agusta tana tara gumi har ya yi funfuna. A ɗaga shi daga ƙasa saboda gara, a lulluɓe da farin ƙyalle, a riƙa buɗewa ana dubawa. Inda ya yage, a sa ƙyalle ta ciki a kama da zaren auduga, ɗinki mai sauƙin warwarewa. Na ga masu farke tsohon saƙi baki ɗaya su maye da yadin kanti mai sheƙi, su jefar da na asali a bola. In dole sai an cire, a naɗe abin da aka cire a ba mai kaya. Layun da ke ɗinke a ciki kuwa, a bar su inda mai su ya sa su, ba na buɗewa ba ne.

Ku dukawa ba sai na tsawaita ba, garin majema ne namu, kun san bagaruwa kun san karan dafi. Abu ɗaya kawai: tsohuwar fatar kube ko garkuwa da ta bushe, man da za ka kwarara mata yau zai sa ta yi kyau har bayan Sallah, daga nan ta yi baƙi ta yi danƙo.

Maganin mai gaggawa shi ne a yi masa sabo. A nan ma cinikinku yake. Doki na gumi, mahayi na sukuwa, yara na jan kaya. Abin da ya ga Tirmini bai kamata ya sha wannan kowace shekara sau biyu ba. Ku ce wa mai gida: wannan na kakanka a ajiye, ga wanda zan yi maka daidai da shi, ka hau har ya tsufa. Hawan Kano ya shiga jerin al'adun duniya na UNESCO a 2024, masu neman sirdi da jalala da likkafa da kwalkwali ba raguwa suke ba, daga Katsina har Maraɗi.

Bari in kawo labarin wata ƙasa mai nisa. Akwai wani babban jirgin ruwan fasinja na Ingila, Queen Elizabeth 2 na kamfanin Cunard, wanda ya fara aiki a 1969, ya yi ritaya a 2008, yanzu otal ne a Dubai. A zagayensa na duniya a 1979, gwamnan Kagoshima ta ƙasar Japan ya ba jirgin kyautar tsofaffin kayan yaƙi na mayaƙansu samurai, aka jera su cikin kayan tarihin jirgin. Irin waɗannan kaya ƙananan faranti ne na ƙarfe ko fata da ake shafe da wani danƙon itace, a sarƙe su da igiyar siliki. Ba su fi sulkenmu wahalar yi ba. Abin da suka fi mu da shi takarda ce: an san wanda ya bayar, an san shekara, an san gari. Namu kuwa yana cikin buhu a ƙarƙashin gado, tsohuwar da ta san ko na wane ne ta rasu bara, babu wanda ya rubuta. Kuma maƙeran Japan ba su mutu da mutuwar yaƙin takobi ba. Gidan Myochin na garin Himeji, waɗanda suka gaji ƙera sulke da kwalkwali, sun koma ƙera awartakin ɗaukar garwashi da ƙararrawar iska, sunan gidan na nan har yau. Duk 5 ga Mayu kuma, ranar yara, iyalai na jera ɗan ƙaramin kwalkwali a ɗaki, wani ne ke ƙera shi yana cin abinci.

Saboda haka ku ajiye littafi a rumfa, ko na 'yan makaranta ne. Duk tsohon kaya da ya shigo, a rubuta gidan da ya fito, wanda aka ce ya fara sa shi, zamanin wane sarki, da abin da kuka yi masa. Da boko ko da ajami, duk ɗaya. A ɗauki hoto da waya kafin gyara da bayan gyara. Sabon aikinku kuma ku buga masa alamarku da shekara a wurin da ba ya gogewa.

Wannan alama tana da wani amfani. Akwai dillalai masu zuwa su ce a binne sabon takobi ya yi tsatsa, ko a turara sabuwar fata da hayaƙi, don a sayar wa baƙo da sunan kayan Tanimu. Ha'inci ne, kuma sunan garinmu yake zubarwa. Akwai kuma masu bin gidajen gado da 'yan jikkuna a hannu. Nijar tana da dokar kare kayan tarihi tun 1997, mun kuma ga yadda aka wawashe tsofaffin tukwanen Bura a yammacin ƙasar nan bayan duniya ta san da su. In magada sun matsu, ku kuke fara ji. Ku nuna musu hanyar fada ko gidan tarihi na Zinder kafin hanyar tasha.

Saura maganar magada naku. Yaranku da yawa sun hau kabu-kabu sun bar zuga-zugi, ba na ganin laifinsu. Amma a nan Kara-Kara, unguwar da aka kafa don kutare aka kuma daɗe ana yi wa kallon banza, akwai samari masu ƙarfi da hannu. Wasu dutse suke fasawa a rana, wasu da tarkacen mota suke haɗa ƙarfen motsa jiki. Wanda ya kalli fim ɗin Zinder na Aicha Macky, na 2021, ya gan su. Na san ƙira gado ce, na san kuma abin da ake faɗa a kan yaran unguwarmu. Wanda ya iya fasa dutse tun safe har la'asar zai iya zama ya lanƙwasa zobe dubu. Kowane mai rumfa ya ɗauki ɗaya, ya fara da shi a kan hura wuta yadda aka fara da ku.

Kafin watan azumi ya kama, Sarkin Maƙera da Sarkin Dukawa, ranku ya daɗe, ku tara mutanenku ku tsai da magana ɗaya a kan fenti da ruwan batir, don kada wanda ya ƙi ya rasa ciniki a hannun wanda ya yarda. Allah Ya yi wa sana'a albarka, Ya kai mu hawan bana lafiya.

Wassalam. Ɗanku, daga Kara-Kara.