Jona wa jakuzi wuta: da muguwar rawa gara ƙin tashi

'Yan uwa mazauna Ingila, musamman masu aikin hannu: masu fenti, masu gyaran lambu, masu taya magina, da waɗanda ke kama ƙananan gyare-gyare a gidajen mutane ranar Asabar da Lahadi don a samu na turawa gida. Rubutun yana da ɗan tsawo, amma don Allah a daure a karanta har ƙarshe.

Da zarar sanyi ya ja baya rana ta fara leƙowa, za ku ga mutanen ƙasar nan suna ta sayen bahon ruwan zafi, wanda muke ce wa jakuzi. Ƙaton baho ne da ake girkawa a lambu, yana cin mutum huɗu zuwa shida, yana da hita da famfo mai hura ruwa. Tun lokacin kullen korona na 2020 abin ya yawaita, har wasu 'yan uwanmu ma sun saya wa yara na roba mai hurawa. To a nan ne jarrabawar take zuwa. Kana cikin aikinka na fenti ko gyaran shinge sai mai gida ya ce maka, tunda kana nan, ka ɗan jawo min waya daga kicin zuwa lambu, zan ƙara maka wani abu a hannu. Shi yana gudun kuɗin ƙwararre, kai kuma kana lissafin kuɗin haya da na makarantar ƙanne.

Shawarata a taƙaice: in ba ka da takardar aikin lantarki ta ƙasar nan, kada ka taɓa wannan aikin, ko nawa za a ba ka. In kuma kai ne ka sayi bahon, ka biya mai rajista ya jona maka. Ga dalilaina.

Da yawanmu mun taso muna ganin ana haɗa waya da waya a murɗe a naɗe da salatif, fis ya ƙone a maye gurbinsa da silin waya, ana jefa hita a bokiti a ɗumama ruwan wanka. Kuma ƙarfin wutar gida da na nan ɗaya ne, bolt 230, har fulogin mai ƙafa uku iri ɗaya ne. Wannan kamannin shi ke yaudarar mutum ya ga ai ba wani sabon abu. Amma ku tuna, ko a gida duk mai hankali sai ya zare hita kafin ya tsoma hannu a bokiti. Shi kuwa jakuzi an yi shi ne don mutum ya shiga ciki har wuya alhali hita da famfo suna aiki. Ba abin da ke tsakanin ransa da wuta sai ingancin aikin wanda ya jona.

Busasshiyar fata tana ɗan tare wuta. Jiƙaƙƙiya kuwa buɗe mata hanya take yi. Kuma abin da ke kashe mutum ɗan kaɗan ne. Amfiya ɗaya ta kasu kashi dubu, kowane kashi sunansa miliyamfiya. Wajen miliyamfiya 10 hannu kan ƙage, mutum ya kasa sakin abin da ya riƙe. In ta haura 30 ta ɗan daɗe a jiki, numfashi da bugun zuciya na iya rikicewa. Yanzu ku dubi fis ɗin da ke cikin fulogi: amfiya 13 ne, wato miliyamfiya 13,000. Kafin wannan fis ɗin ya ji komai, mai aukuwa ta auku. Aikin fis shi ne hana waya ƙonewa, ba ruwansa da jikin mutum. Ga kuma ruwa: wanda wuta ta ƙage wa gaɓoɓi a cikin baho yana iya nutsewa ko da wutar ba ta kai ta kisa ba.

Abin da aka yi domin kare rai shi ne na'urar da ake kira RCD. Tana auna wutar da ta fita ta waya mai wuta da wadda ta dawo ta nutural. In ta ga sun bambanta, ta san wuta ta sulale ta wata hanya, wataƙila ta jikin mutum, sai ta yanke cikin ƙiftawar ido. Ta layin baho dole ta zama mai miliyamfiya 30. Tana da maɓallin gwaji, ana so a riƙa danna shi duk wata shida. Sai dai danna maɓalli bai isa shaida ba a sabon aiki. Ƙwararre yana da mitar da ke auna cikin lokaci nawa ta yanke, da kuma ingancin layin atin. Ɗan sukundireban nan mai kawo haske da muke yawo da shi a aljihu ba ya gaya maka ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Bahon iri biyu ne. Akwai ƙarami mai fulogin amfiya 13, irin su Lay-Z-Spa, wanda ake sokawa a soket. Akwai babba da ke buƙatar layin kansa, yawanci amfiya 32, wani ma fiye.

Ƙaramin shi aka fi rainawa, kuma kuskuren da aka fi yi a kansa shi ne wayar ƙari, wato ekstenshan. Masu ƙera shi da kansu sun rubuta a littafinsa cewa kada a yi amfani da ita. Hitarsa tana jan wuta awa da awanni ba hutu, fulogi da mahaɗa su yi ta ɗaukar zafi har roba ta narke. In kuma wayar ƙarin irin mai naɗewa a gare-gare ce, ku duba jikinta, za ku ga lamba biyu: abin da take ɗauka a warware, da abin da take ɗauka a nannaɗe, kuma na biyun bai kai ko rabin na farkon ba. Ƙara da ruwan saman ƙasar nan da ba ya sallama, ga mahaɗar waya kwance cikin ciyawa an rufa mata leda. Abin da ya dace shi ne soket na waje mai murfi, wanda ruwa ba ya shiga, yana kan layi mai RCD, nesa da inda ruwan bahon ke fantsama. Kuma wancan ɗan akwatin gwaji da ke jikin wayar bahon, a danna shi kafin kowa ya shiga.

Babban kuwa aiki ne cikakke. Ana jawo masa sabon layi daga akwatin fis, shi kaɗai, da birekarsa da RCD ɗinsa. Wayar da ke ratsa lambu mai sulken ƙarfe ce, ana kiranta SWA, in za a binne ta sai an yi zurfin da shebur ba zai kai ba, a shimfiɗa kyallen gargaɗi a samanta. Kaurinta ba da ido ake zaɓa ba, ana lissafi ne da ƙarfin bahon da nisan tafiyar wayar, shi ya sa wadda ta isa a wani gida take kasawa a wani. Sannan ana kafa makunnin yanke wuta a waje, aƙalla mita biyu daga bahon, yadda wanda ke cikin ruwa ba zai miƙa hannu ya taɓa ba, amma na waje zai kai gare shi da gudu. Kafin duk wannan sai an duba ko wutar da ke shigowa gidan za ta iya ɗaukar sabon nauyin, ga shawa mai lantarki, ga murhu, wani gidan har da cajar mota.

Akwai kuma wani tarko da ko wanda ya shekara ashirin yana wayarin a gida zai iya faɗawa. Gidaje da yawa a nan kamfanin wuta ne ke ba su atin, ta hanyar haɗa shi da nutural a waya guda daga titi, tsarin da ake kira PME. In wannan wayar ta tsinke a can waje, duk ƙarfen da aka haɗa da atin ɗin gidan yana iya ɗaukar wuta, kuma RCD ba za ta tare wannan ba. A cikin ɗaki, da takalmi, a kan busasshen daɓe, haɗarin da sauƙi. Amma wanda ya fito daga baho, ƙafa ɗaya a ruwa ɗaya a jiƙaƙƙiyar ciyawa, shi ya zama hanyar wuta zuwa ƙasa. Don haka ne ƙwararre yake fara duba irin atin ɗin gidan, sau da yawa ya kafa wa bahon sandar atin tasa daban a ƙasa, ya auna ta da mita. Ɗan uwa, in yau ka fara jin wannan maganar, to ka samu amsarka.

Sai doka. A Ingila da Wales akwai sashen dokar gini da ake kira Part P, yana aiki tun 2005. Jawo sabon layi daga akwatin fis yana cikin ayyukan da dole hukuma ta sani. Ko dai mai rajista da ƙungiya irin NICEIC ko NAPIT ya yi aikin ya ba da satifiket, ko a sanar da sashen kula da gine-gine na ƙaramar hukuma tun kafin a fara, a biya su su duba. Ƙa'idar aikin kanta tana cikin littafin da ake kira BS 7671. Scotland da Ireland ta Arewa tsarinsu daban ne, na can su tambaya.

Yanzu mu yi magana tsakaninmu. Mai gidan da ya ba ka kuɗi a hannu ba rasit, ranar da ɗansa ya ji rauni, ko gobara ta tashi inshora ta nemi satifiket babu, sunan wa kake jin zai ambata? Lambarka tana wayarsa, saƙonninku suna nan. In aka rasa rai, dokar ƙasar nan tana da tuhumar kisa ta hanyar mummunan sakaci. Kuma baƙon da aka yanke wa ɗaurin wata 12 ko fiye, doka ta tanadi a mayar da shi ƙasarsa. Ɗalibai kuma ku sani, bizar karatu ba ta yarda da aikin kai da kai ba kwata-kwata, ko da bai kai awa 20 ɗin da aka ba ku a mako ba. Duk wahalar da aka sha, gonar da aka sayar, bashin da aka ci kafin a zo, a ɗora su a kan kuɗin yini ɗaya? Wannan duka ma ƙarami ne a kan haƙƙin rai. Ka ɗauki kuɗin mutum a kan aikin da ka san ba ka iya tabbatar da lafiyarsa ba, yaro ya shiga ruwa bai fito ba, me za ka ce wa Ubangiji?

Na san wani zai ce, Malam, ni fa sana'ata ce tun a Kano, na yi wayarin gidajen sama, Bature bai fi ni iya riƙe filaya ba. Ban musa ba, kuma wallahi muna da gwanaye. Amma gwaninta ba ta maye gurbin mitar gwaji, ba ta kuma sa hannu a satifiket. In da gaske sana'arka ce, ka daina sayar da ita da araha a ɓoye. Akwai kwas na City & Guilds mai lamba 2382 a kan ƙa'idojin wayarin, akwai 2391 na dubawa da gwaji, akwai kuma hanyar da aka buɗe wa waɗanda suka daɗe a aikin don a tantance su. Kwas ɗaya ba ya mayar da mutum cikakken ma'aikacin lantarki, amma ta nan ake farawa, kuma wanda ya kai ƙarshe ya fi ƙarfin a yi masa tayin kuɗin cefane. Wani kuma zai ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne, amma ba wanda ke sakin ɗansa a tsakiyar titi don ya yarda da ƙaddara.

Ƙin jona wuta kuma ba ya nufin ka tafi hannu rabbana. Akwai halak ɗinka a aikin. Ruwa lita ɗaya kilo ɗaya ne, bahon da ke cin lita 1,500 ya kai tan ɗaya da rabi tun kafin mutane su shiga, don haka yana buƙatar daɓen kankare shimfiɗaɗɗe mai ƙarfi. Ka yi daɓen, ka haƙa ramin waya yadda mai lantarkin ya ce, ka gyara shinge, a biya ka. Ka ce wa mai gida, ɓangaren wuta sai mai rajista, kuma ya ga lambar rajistar da idonsa. Mutum mai hankali ƙara yarda da kai zai yi. Wanda ya ji haushi kuwa, dama ba alheri yake nufinka da shi ba.

'Yan uwa masu zaman haya, kada ku girka baho ko ku sa soket a waje ba da rubutaccen izinin mai gida ba. 'Yan uwa na Amurka, ku ma maganar ta shafe ku: manyan bahon can bolt 240 suke ci, yawanci da bireka mai GFCI ta amfiya 50, makunnin yankewa aƙalla ƙafa biyar daga ruwa kuma inda ido ke ganinsa, kuma a yawancin wurare sai da izinin hukuma da mai dubawa.

Na ƙarshe, ku koya wa iyali wannan. Duk wanda ya ji ruwa yana ɗan tsikararsa, ya fito nan take kada ya dafa ƙarfe, a kashe wuta, kada kowa ya koma sai an duba. In RCD tana yawan yankewa, magana take yi muku, kada wanda ya cire ta ko ya tsallake ta. In kuma Allah Ya kiyaye wuta ta kama wani a ciki, kada ka taɓa shi, kada ka taɓa ruwan. Ka fara kashe makunni, sannan ka fito da shi, ka kira 999, na Amurka 911.

Mun baro gida ne neman rufin asiri. Allah Ya ba mu halak mai albarka, Ya tsare mu da iyalanmu, Ya mayar da mu gida lafiya. Don Allah a tura wa duk ɗan uwan da aka san yana aikin hannu.