Yakutu Ba Ya Sayuwa da Sikeli Kaɗai

Matanmu sun ƙware a cinikin zinariya: a duba karat, a auna giram, a biya. Duwatsu masu launi ba haka suke ba, kuma a nan ake cutar mai son a ƙera masa zobe ko sarƙar lefe.

Launi ake fara dubawa. Shuɗin yakutu, irin wanda ake haƙowa a tsaunin Mambila, darajarsa tana ga shuɗin da ya cika bai rine ya koma baƙi ba. A fita da shi hasken rana a jujjuya, domin fitilar kanti maƙaryaciya ce. Zumurrudu kuwa da wuya ya rasa 'yan tsage-tsage a cikinsa. In ya fito tas, ga araha, a yi zargin gilashi ne ko ƙirar masana'anta. Tsagen nan ne ya sa ya fi dacewa da sarƙa, a bar wa yakutu, mai taurin 9 a ma'aunin Mohs, wahalar zobe.

Tambayar da masu saye ba sa yi ita ce: an gasa dutsen? Galibin yakutun kasuwa sun sha wuta domin gyaran launi. Wannan ba ha'inci ba ne sai an ɓoye, tunda wanda bai ga wuta ba ya fi tsada nesa ba kusa ba. Dillali ya rubuta amsar a rasit.