Bandar kifi da nama a Daura: Injin zamani ko gyaran murhun gargajiya?

A Amurka akwai wani injin banda da magidanta ke ajiyewa a bayan gida. Ana zuba masa ƙananan curin dusar katako, a saita zafin da ake so, shi kuma ya riƙa tura curin cikin wuta da kansa, fanka tana zagaya hayaƙin a kan naman. Wani Ba'amurke mai suna Joe Traeger ne ya fito da shi a jihar Oregon cikin shekarun 1980. A can abin nishaɗin ƙarshen mako ne.

A masarautar Daura kuwa banda hanyar tsira da dukiya ce. Masuncin da ya kamo tarwaɗa ko karfasa a madatsar ruwa ta Daberam ko ta Sabke, in bai sayar kafin rana ta take ba, wuta ce kaɗai za ta cece shi daga asara. Haka uwargidan da naman layya ya yi mata yawa, ga firji amma babu lantarki.

Matsalar ita ce yadda ake bandar. Rabin duro, ragar waya, sai itace yana ci bal-bal a ƙasa. Zafi ba ya daidaita: bayan kifin ya ƙone, cikinsa da sauran danshi, bayan 'yan kwanaki tsutsa ta shiga. Daga nan ne wasu ke yayyafa masa fiya-fiya, abin da hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kai. Kitsen da ke ɗiga cikin wuta kuma yana tayar da baƙin hayaƙi mai ɗauke da sinadaran da ke iya haddasa cutar daji. Tun 2014 Tarayyar Turai ta tsaurara ƙa'idarta kan waɗannan sinadarai a ƙyafaffen kifi.

Ga kuma itacen kansa. Daura, Baure, Zango, Sandamu da Mai'aduwa duk suna bakin iyaka ko kusa da Nijar, inda hamada ke matsowa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, gidaje da dama suka koma ga itace da gawayi, mai banda ya sami ƙarin abokan takara a wurin mai itace.

To, injin Amurka zai warware wannan? Da wuya. Ba ya aiki sai da lantarki, curin nasa ba a sayar da shi a kasuwar Daura, kuɗinsa kuma da dala ne. Amma dabaru biyu da ke cikinsa abin ɗauka ne: raba nama da harshen wuta, da yin makamashi daga abin da ake zubarwa.

Ta farko an daɗe da gwada ta a Afirka ta Yamma. A 1969 aka fito da murhun Chorkor a Ghana: ginin laka ne da ake jera faifan raga a kansa hawa-hawa, wuta ɗaya ta busar da kifi mai yawa da itace kaɗan. Daga baya hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta samar da murhun FTT a Senegal, mai farantin tare kitse don kada ya faɗa wuta. A gida ma cibiyar NSPRI da ke Ilorin, mai reshe a Kano, tana da nata akwatin banda. Maginin laka da maƙerin Daura za su iya irin na Ghana in an nuna musu sau ɗaya.

Ta biyun ta fi wuya. Ana iya cura ɓawon gyaɗa da dusar katako su zama makamashi, amma karan gero da na dawa suna da masu su: dabbobi na ci, ana danni da su, mata na girki da su. Duk shirin da ya ɗauka cewa kara shara ce a ƙauyukan Daura zai ci karo da makiyaya tun a kakar farko.

Saboda haka, idan gwamnatin Katsina ko ƙananan hukumomin masarautar na neman inda za su fara, murhun laka guda a bakin kowace madatsa, a hannun ƙungiyar masunta da matan da ke banda, ya fi rabon injinan da za su ƙare a sito saboda rashin wuta.