Kyautar Hannu Ta Fi Ta Kanti

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar hunturu takan taso daga hamadar Sahara ta kawo sanyi da hazo. A ƙasar Hausa, a wannan lokaci an gama girbi, aikin gona ya yi sauƙi. Da dare mutane sukan shige ɗaki da wuri saboda sanyi. Ɗalibai kuma sukan sami hutu a watan Disamba. A ganina, babu lokacin da ya fi wannan dacewa da yin kyauta da hannu.

Dalili na farko shi ne sauƙin kuɗi. A ƙarshen shekara ana bukukuwan aure da na Kirsimeti da na sabuwar shekara, kowa yana so ya ba wani kyauta. Amma ɗalibi ba shi da kuɗin sayen sarƙa mai tsada. Da zare da allura da 'yan duwatsun ado, yarinya ko yaro zai iya shirya abin wuya ko 'yan kunne. Da ulu da kwarashi kuma ana saƙa hular sanyi.

Dalili na biyu ya fi na farko muhimmanci. Wanda ya yi kyauta da hannunsa ya ba da lokacinsa da tunaninsa. Bara ƙanwata ta saƙa wa kakarmu hular sanyi. Sau uku tana warware saƙar tana sakewa, kuma duk da haka gefe ɗaya ya ɗan karkace. Kakarmu tana da huluna na kanti, amma wannan take sawa kowace asuba. Duk baƙon da ya zo sai ta ce masa, "Jikata ce ta yi mini."

Wasu suna cewa kayan kanti sun fi kyau, kuma aikin hannu ɓata lokaci ne. Gaskiya ne aikin ɗan koyo ba ya rasa kuskure. To, amma wane gwani ne bai fara da kuskure ba? A unguwar Masaga ta garin Bida, ana narka kwalabe a ƙera awarwaro da duwatsun ado. A Kano, dukawa suna ɗinka jakunkuna da takalman fata, ana sayar da su a kasuwar Kurmi. Dukansu tun suna yara suka koya a gaban manya. Idan yaran yau suka raina aikin hannu, wa zai gaji waɗannan sana'o'i?

Saboda haka, ɗalibi, kada ka ji kunyar abin da hannunka ya yi. A hutun bana, ka nemi wanda ya iya, ka zauna kusa da shi ka koya. Ka fara da ƙaramin abu, ka ba mahaifiyarka ko abokinka. Hausawa sun ce, sannu ba ta hana zuwa.