Ra'ayinmu: Da wane mudu ake auna malamin jami'a?

A shekarar 2025 hukumar kula da manyan makarantu ta Ghana, GTEC, ta ja kunnen waɗanda aka ba digirin girmamawa da su daina liƙa wa sunayensu Dakta ko Farfesa. Mun yaba da wannan mataki. To amma su na cikin jami'ar, yaya ake auna su kafin a ba su muƙamin?

A jami'ar KNUST ta Kumasi, inda 'ya'yanmu na Dichemso da Aboabo da Asawase ke neman gurbi, malami yana hawa ne daga lakcara zuwa babban lakcara, sai mataimakin farfesa, sannan farfesa. Abubuwa 3 ake dubawa: koyarwa, bincike, da hidimar jama'a. Rubuce-rubucensa kuma ana aika su ga masana na wasu jami'o'i su tantance. A takarda tsarin ba shi da laifi.

Sai dai a jami'o'inmu na Afirka ta Yamma kowa ya san takardun da malami ya buga a mujallu su ke rinjayar sikeli, musamman mujallun Ingila da Amurka. Su ana iya ƙirga su. Koyarwa kuwa ba ta ƙirguwa cikin sauƙi, saboda haka malamin da ya ƙare ƙarfinsa a aji mai cike maƙil, yana duba takardun ɗalibai har tsakar dare, sai ya daɗe a mataki ɗaya. Ganin haka wasu suka koma ga mujallun bogi na intanet, waɗanda ke karɓar dala su buga kowace irin shara. Ɗan kasuwa ya san wannan: in ana biya da yawan buhu, za a samu mai cika buhu da tsakuwa.

Wani zai ce ina ruwan mai shago a Aflao ko Paga da wannan? Da ribar goro da atamfa ake biyan kuɗin makarantar yaran nan, kuma in malami ya gane aji ba ya kai shi gaba, yaronka ne zai yi asara.

Muna kira ga hukumomin jami'o'i da ƙungiyar malamai ta UTAG da su ba koyarwa maki mai nauyi, manyan malamai su riƙa shiga aji suna ganin yadda ake karantarwa. Binciken da ya shafi kuɗin fito a kan iyaka ko ruɓewar tumatir a hanyar Paga zuwa Kumasi shi ma a saka shi cikin lissafi.