Farin Ruwa Da Kurmin Da Ke Riƙe Da Shi

A wannan mako zan kai ku ƙasar Wamba a Jihar Nasarawa, can gindin tsaunukan Filato, inda wani ruwa yake zubowa dare da rana, ba tare da yawancinmu mun san da shi ba. Sunansa Farin Ruwa, kuma ba a yi kuskuren suna ba, gama tun daga nesa mutum zai hango shi fari fat kamar an shanya rawani a jikin dutse.

Daga Akwanga muka kama hanyar Wamba, daga nan kwalta ta ƙare, muka shiga turba mai gargada. Inda mota ta gaza muka sauka muka bi sawun wani saurayi ɗan ƙauyen, muna ratsa kurmi, muna tsallake ƙoramu. Kafin ido ya gani kunne ya riga ya ji, wani irin ruri kamar hadari na tasowa. Da muka iso kuwa sai kowa ya yi tsit. Gani ya kori ji. Tsawon matsirgar nan ya kai kimanin mita 150, wato kusan ƙafa 500, alhali shahararriyar matsirgar Biktoriya da ke tsakanin Zambiya da Zimbabuwe, wadda Turawa ke tururuwa zuwa kallo, mita 108 ce.

Ba ita kaɗai ba ce. Akwai Assop a kan hanyar Jos, akwai ta kusa da Kafanchan wadda sunanta ma Matsirga, ga kuma Gurara a Jihar Neja. Dalilin yawansu a wannan yanki shi ne tudu. Ƙasar Jos tana bisa ƙwarai, ruwan damina yana sauka a kanta, sa'an nan ya nemi gangara ta kowace fuska. Daga can ne Kogin Kaduna da Kogin Gongola suke tasowa.

To, amma ga abin da ya hana ni barci bayan na komo. A kan hanyarmu na ga buhunan gawayi jibge a bakin titi suna jiran manyan motoci, na kuma ga kututture a inda dā itatuwa suke. Wanda bai sani ba zai ce ina ruwan biri da gada? Alhali kurmi shi ne rumbun ruwa. Ganyen da ya zuba da saiwoyin itace su ke tare ruwan sama, su sa ya nutse cikin ƙasa, ya riƙa tsattsafowa sannu a hankali har tsakiyar rani. In aka sare itatuwan, ruwa zai kwararo gaba ɗaya cikin Agusta, jawur da laka, ya kwashe gonaki, sa'an nan a Maris a nemi na sha a rasa. Ƙoramu nawa muka sani tun muna yara waɗanda yau sai yashi? Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Ban ga laifin talaka mai ƙona gawayi ba, cikinsa yake nema wa. Amma in aka gyara hanya baƙi suka yawaita, ɗan ƙauye zai sami kuɗin rakiya, matarsa ta sayar da abinci, itace a tsaye ya fi masa amfani bisa ga itace a buhu. Wannan aikin hukuma ne, amma somawar tamu ce. Malaman makaranta su kai ɗalibai, ma'aikaci ya ware kwana biyu cikin hutunsa. A tafi cikin Oktoba ko Nuwamba, lokacin da ruwa bai ja baya ba, hanya kuma ta fara bushewa. A nemi ɗan jagora, a kiyayi santsin duwatsu, kada kuma a bar shara.

Allah Ya kai mu mako mai zuwa lafiya.