Raddi Ga Masu Danganta Zubar da Ciki da Sankarar Mama

Hukuncin zubar da ciki a shari'a da ɗabi'a magana ce mai zaman kanta, tana da malamanta. Abin da nake wa raddi da'awa ce ta likitanci da ta yi ƙarfi a Amurka, wai zubar da ciki na jawo sankarar mama.

Babbar hujjarsu alƙaluma ce. Suna kawo binciken Janet Daling na 1994 a Seattle, da nazarin Joel Brind na 1996 wanda ya ce haɗarin na ƙaruwa da kashi 30 cikin ɗari. To, ta yaya aka tara yawancin waɗannan alƙaluma? Tambayar mata aka yi baki da baki. Macen da cuta ta kama tana tone rayuwarta kaf tana neman dalili, ba ta ɓoye wa likita komai. Mai lafiya kuwa, baƙo ya zo da takarda yana tambayar sirrin da ko mahaifiyarta ba ta sani ba, me zai sa ta faɗa? Sai ta ce a'a, a wuce wurin. Da haka lissafi ke karkacewa, a ga kamar masu cutar sun fi zubarwa, alhali sun fi faɗa ne kawai.

Maganin wannan shi ne a bar baki, a koma rajista. Haka Mads Melbye da abokan aikinsa suka yi a Danmak a 1997: mata miliyan 1.5, suka haɗa rajistar zubar da ciki da ta masu sankara. Ba su ga ƙarin haɗari ba. A 2004 mujallar Lancet ta buga nazarin masana na Oksfod da ya tattara bincike 53 daga ƙasashe 16, kan mata 83,000 masu cutar. A binciken da aka rubuta tarihin mace tun kafin ciwo ya bayyana, alaƙar ba ta nan.

Sun ce ai an gwada a jikin ɓeraye a 1980. An gwada, amma gwajin ɓera hasashe yake haifarwa, kuma an auna hasashen a jikin mutane bai tabbata ba.

Hujjar da ta fi kama hankali ita ce cewa haihuwa da ƙuruciya na rage haɗarin cutar. Gaskiya ne, shayarwa ma haka. Amma rashin samun kariya daban, jawo cuta daban. Wadda ta zubar da cikin fari ta koma matsayin wadda ba ta haihu ba, ba ta fi ta shiga haɗari ba.

Da hujjojin suka ƙare, sai aka koma zargin cewa an rufa gaskiya saboda siyasa. Amma taron masana sama da 100 na Cibiyar Sankara ta Amurka, wanda ya kore alaƙar ga zubarwa da ɓari duka, a Fabrairun 2003 aka yi shi, zamanin George W. Bush, shugaban da kowa ya san adawarsa da zubar da ciki.